Ma'aunin asali na faffaɗan allo a Linux

Ma'aunin asali na allon kwamfuta shi ne ainihin yawan ɗigon hoto, wato fiksel, da aka ƙera allon da su a kwance da a tsaye. Allon da aka rubuta wa 1440×900 yana da ɗigo 1440 a kowane layi daga hagu zuwa dama, da layuka 900 daga sama zuwa ƙasa, jimilla ɗigo 1,296,000, kuma babu saitin da zai ƙara su ko ya rage su. A tsarin Linux, samun wannan ma'auni a faffaɗan allo ya ba mutane wahala sosai a tsakiyar shekarun 2000. A yau yawancin alluna suna daidaita da kansu da zarar an jona su, amma matsalar tana nan a tsofaffin kwamfutoci na hannu, da wayoyin VGA masu araha, da akwatunan talabijin da ake mayarwa allon kwamfuta.

Masu gyaran kwamfuta sukan ari kalmar Turanci su ce rizolushan. A wasu shafukan intanet na Hausa akan ga an fassara ta da "ƙuduri", amma wannan ma'ana ce ta daban ta kalmar: ƙuduri na majalisa ne ko na zuciya, ba shi da alaƙa da ɗigon hoto.

Muhimmancinsa

Tsohon allon gilashi mai ƙatuwar ƙeya, wanda ake kira CRT, yana zana hoto ne da tsinin haske mai gudu layi bayan layi, saboda haka yana iya nuna 800×600 ko 1024×768 duka da kyau. Shafaffen allon LCD ba haka yake ba. Ɗigoginsa a kafe suke, kamar gidajen dara. Idan kwamfuta ta aiko masa da hoton da bai kai yawansu ba, dole ya ja hoton ya cike gurbin da ƙiyasi, sai rubutu ya yi dishi-dishi, idon mai karatu ya gaji da wuri.

A faffaɗan allo akwai ƙarin illa, domin siffar ma ta bambanta. Tsofaffin ma'aunai irin su 1024×768 suna kan rabon 4:3, yayin da 1280×800 da 1440×900 da 1680×1050 suke kan 16:10, su kuma 1600×900 da 1920×1080 suke kan 16:9. Idan aka shimfiɗa hoton 1024×768 a allon 1440×900, faɗinsa yana ƙaruwa da kashi 20 cikin 100 fiye da yadda ya kamata. Da'ira sai ta koma kamar ƙwai, fuskar mutum ta baje. Ga mai zane ko mai gyaran hoto wannan ɓarna ce ta gaske, tunda abin da yake gani ba shi ne abin da zai fito a takarda ba.

Yadda allo yake gabatar da kansa

Kwamfuta ba ta hasashen girman allo. Allon ne yake faɗa mata. A cikin kowane allo na zamani akwai ɗan ƙaramin bayani da ake kira EDID, wanda ƙungiyar VESA ta fitar da tsarinsa a 1994. Tushensa bayit 128 ne kacal, kuma yana ɗauke da sunan kamfani, da girman allon, da iyakar saurin da zai iya ɗauka, da jerin ma'aunan da ya sani. Na farko a cikin cikakkun bayanan lokaci da ke ciki shi ne wanda allon ya fi so, kuma a LCD kusan kullum shi ne ma'aunin asali. Bayit na ƙarshe na tantancewa ne: idan aka tara duka 128 ɗin, dole jimillar ta rabu da 256 ba saura, in ba haka ba a ɗauki bayanin a matsayin gurɓatacce.

Bayanin yana bi ta wata 'yar hanya ta daban a cikin wayar allo, mai suna DDC. A kan VGA mai tsinke 15, wanda IBM ta fito da shi a 1987, tsinke na 12 da na 15 ne suke ɗaukarsa. Wannan ne tushen mafi yawan matsalolin. Hoto yana bi ta wasu tsinkayen, saboda haka wayar da na 12 ko na 15 ɗinta ya lanƙwashe, ko wadda tun farko ba a jona su a ciki ba don rage kuɗi, za ta nuna hoto lafiya lau amma allon ya zama bebe. Haka ma wasu na'urorin raba hoto zuwa allo biyu, da na juya HDMI zuwa VGA, sukan haɗiye bayanin ko su ba da nasu na jabu. Idan kanel, wato zuciyar tsarin Linux, bai sami EDID ba, sai ya koma ga ma'aunan da ba su da haɗari, waɗanda suka tsaya a 1024×768. Shi ya sa wannan lamba ce aka fi gani a wurin masu wannan ƙorafi.

Tarihi

A zamanin XFree86, manhajar da take zana tagogi a Linux kafin X.Org ta maye gurbinta a 2004, mai kwamfuta yakan buɗe littafin allonsa ya kwafi iyakar saurin layi da na sabunta hoto, ya rubuta su da hannu a fayil ɗin saiti, a layukan HorizSync da VertRefresh. Takardun wancan lokaci suna gargaɗi da babbar murya, domin lambar da ta wuce kima tana iya lalata tsohon CRT mai sauri guda. Allunan yanzu ƙin karɓa kawai suke yi, su nuna saƙon cewa siginar ta wuce iyakarsu.

Shahararriyar matsalar faffaɗan allo ta zo ne da kwamfutocin cinya masu katin hoto na Intel, samfurin 855 da 915 da 945. Direban Linux na lokacin, mai suna i810, bai iya saita ma'auni da kansa ba, sai ya duba jadawalin da ke cikin BIOS na katin ya zaɓi ɗaya. Kamfanoni da yawa ba su sa 1280×800 a jadawalin ba, tunda direban Windows ba ya dogara da shi. Sakamakon haka sabuwar kwamfuta mai faffaɗan allo sai ta maƙale a 1024×768. Masu sa-kai suka rubuta 'yar manhaja mai suna 855resolution, daga baya 915resolution, wadda take shiga kwafin BIOS da ke cikin RAM ta goge ma'auni ɗaya da ba a buƙata ta rubuta wanda ake so a gurbinsa. Dabara ce mai kyau amma ta faci ce, domin gyaran yana ɓacewa duk lokacin da aka kashe kwamfutar, sai an sake shi a kowane kunnawa.

Abubuwa uku suka kawo ƙarshen wannan zamani. A 2007 direban Intel na 2.0 ya fara saita ma'auni da kansa ba tare da BIOS ba. A daidai lokacin RandR 1.2, wanda Keith Packard ya jagoranta, ya ba da damar ƙara ma'auni da canza shi ba sai an rufe tagogi an sake buɗewa ba. Sannan a Maris 2009 kanel na 2.6.29 ya zo da KMS, wanda ya mayar da aikin saita allo cikin kanel ɗin kansa, aka fara da katunan Intel, na AMD da na Nvidia suka biyo baya.

Gano inda matsalar take

Kuskuren da aka fi yi shi ne garzayawa ga rubuta lambobi da hannu tun ba a san abin da ya lalace ba. Umarnin xrandr, idan aka buga shi shi kaɗai, yana jero kafofin da ke jikin kwamfutar da ma'aunan da kowace take da su. Alamar tauraro tana nuna wanda ake kai, alamar tarawa kuma wanda allon ya fi so. Idan ma'aunin asali yana cikin jerin, zaɓensa kawai ya rage. Idan ba ya ciki, kuma girman allon ya fito a matsayin 0mm x 0mm, alama ce mai ƙarfi cewa EDID bai iso ba. Ana iya tabbatarwa ta duba fayil ɗin edid da ke ƙarƙashin /sys/class/drm a jakar kafar da ake amfani da ita: idan babu komai a ciki, a fara zargin waya kafin manhaja. Canza wayar VGA, ko komawa DVI ko HDMI ko DisplayPort in allon yana da su, yakan gama maganar cikin minti ɗaya.

Zargi na biyu direba ne. Idan an bar kalmar nomodeset a cikin saitin GRUB, wadda ake yawan sawa lokacin girka tsarin don kauce wa baƙin allo, KMS ba zai tashi ba, kuma tsarin zai zauna a kan direban gama-gari wanda yake amfani da ma'aunin da BIOS ko UEFI ya bari. A kwamfutar da take gudana a cikin VirtualBox kuma, maganin shi ne girka Guest Additions.

Rubuta ma'auni da hannu

Idan waya da direba duk lafiya suke amma EDID na allon ne ya lalace, sai a lissafa ma'aunin a miƙa wa tsarin. Manhajar cvt tana yin lissafin bisa ƙa'idar CVT ta VESA. Umarnin cvt 1440 900 60 yana fitar da jerin lambobi, waɗanda ake shigarwa kamar haka:

xrandr --newmode "1440x900_60.00" 106.50 1440 1528 1672 1904 900 903 909 934 -hsync +vsync

xrandr --addmode VGA-1 "1440x900_60.00"

xrandr --output VGA-1 --mode "1440x900_60.00"

Sunan kafar yana bambanta daga direba zuwa direba, wani wuri VGA-1, wani VGA1 ko VGA-0, don haka ana kwafo shi ne daga abin da xrandr ya nuna.

Lambobin ba na ado ba ne. 106.50 ita ce saurin aika ɗigo, wato miliyan 106.5 a daƙiƙa. 1440 ɗigon da ido yake gani ne, 1904 kuma tsawon layin gaba ɗaya. Ragowar 464 ɗin lokacin hutu ne da aka gada daga CRT, inda tsinin haske yake buƙatar ya koma farkon layi. Haka 900 da 934 suke a tsaye. Idan aka ninka 1904 da 934 aka raba miliyan 106.5 da sakamakon, za a sami 59.89, wato hoton yana sabuntuwa kusan sau 60 a daƙiƙa.

LCD ba ya buƙatar wannan dogon hutu, shi ya sa cvt take da zaɓin -r mai rage shi. Amfaninsa yana fitowa a manyan alluna. Wayar DVI mai hanya ɗaya ba ta wuce 165 MHz, alhali 1920×1200 da cikakken hutu yana buƙatar 193.25 MHz. Da ragaggen hutu sai ya sauko 154 MHz, ya shige.

Abin da aka yi da xrandr yana ɓacewa idan aka fita daga tsarin. Don ya dawwama, ana sa umarnan uku a fayil ɗin .xprofile, ko a rubuta sashen Monitor a cikin /etc/X11/xorg.conf.d tare da layin Modeline da zaɓin PreferredMode. Direban da kamfanin Nvidia yake fitarwa da kansa yakan ƙi ma'aunin da bai dace da EDID ba, sai an sassauta masa bincikensa ta zaɓin ModeValidation.

A ƙarƙashin Wayland

Duk abin da aka faɗa game da xrandr na X.Org ne. Fedora ta koma Wayland tun sigar 25 a 2016, Ubuntu kuma ta tsaya a kansa daga 21.04, kuma a nan xrandr ba ya iya ƙara wa allo na gaske ma'auni. Tsofaffin bayanai da yawa ba su ambaci wannan ba, sai mai koyo ya yi ta maimaita umarnin da ba zai taɓa aiki ba. Umarnin echo $XDG_SESSION_TYPE yana nuna wanda ake kai.

A Wayland gyaran yana komawa kanel. Ana ƙara video=VGA-1:1440x900@60 a layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT na fayil ɗin /etc/default/grub, a sabunta GRUB, a sake kunna kwamfutar. Hanyar da ta fi wannan inganci ita ce a samo sahihin EDID, misali a kwafo shi lokacin da allon yake jone da waya mai kyau, a ajiye shi a /lib/firmware/edid, a nuna wa kanel shi da drm.edid_firmware. Daga nan tsarin zai ɗauka allon ne ya yi magana da bakinsa. A nan sunan kafa na kanel ake amfani da shi, wanda wani lokaci yake bambanta da na xrandr: abin da xrandr ya kira HDMI-1, kanel yakan kira shi HDMI-A-1.

Ma'aunin 1366×768 da talabijin

1366×768 ya cika ƙananan kwamfutocin cinya da talabijin masu araha, kuma yana da nasa ciwon kai. Gajeren jerin ma'aunai na EDID da lissafin CVT duka suna aiki ne da faɗin da yake rabuwa da 8, ita kuwa 1366 ba ta rabuwa. Saboda haka cvt 1366 768 tana ba da 1368, wasu talabijin kuma suna sanar da 1360. Da 1360 akan rasa ɗigo shida a gefe ko hoton ya ɗan ja, da 1368 kuma rubutu yakan ɗan dushe. A jonin VGA, maɓallin daidaita hoto da kai da ke jikin allon yana rage wannan.

Talabijin da aka jona ta HDMI kan nuna wata alama mai kama da matsalar ma'auni alhali ba ita ba ce: ma'aunin ya yi daidai, amma gefunan hoton sun fita waje, sandar menu ta yanke. Talabijin ɗin ce take ƙara girman hoton kaɗan, al'adar da ta gada daga zamanin watsa shirye-shirye na da. Ana kashe wannan a menu na talabijin ɗin, inda LG take kiransa Just Scan, Samsung kuma Screen Fit.