Doguwar Tafiyar Wasiƙar Fursunan Yaƙi

Mai karatu, ka taɓa jiran wasiƙa daga ɗanka wanda ya yi nisa da gida? To, ka dubi halin matar da aka ce mata mijinta ya ɓata a fagen fama. Ba ta san ko yana da rai ba, ko ya mutu. Abin da zai raba mata gardama shi ne ɗan ƙaramin kati da rubutun hannunsa.

A shekarar 1940, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa suka kama sojojin Ingila wajen 40,000 a ƙasar Faransa. Aka kai su sansanoni masu nisa, irin su Stalag VIII-B da ke Lamsdorf. Yarjejeniyar Janeba ta 1929 ta ce a bar fursuna ya aika wa iyalinsa kati cikin mako ɗaya da isarsa sansani, kuma wasiƙarsa ba ta bukatar kan sarki. Amma ta yaya takarda za ta ratsa tsakanin ƙasashe biyu da ke jefa wa juna bom?

Sai ta bi ta hannun 'yan ba-ruwanmu. A birnin Janeba na ƙasar Suwizalan, ƙungiyar Red Cross ta buɗe babban ofishin fursunoni a 1939. Can ake rubuta sunan kowane fursuna da lambarsa da sansaninsa. Kafin yaƙi ya ƙare, katunan sunaye sun kai miliyan 45, saƙonnin da suka bi ta ofishin kuwa miliyan 120. Da Faransa ta faɗi, gajeriyar hanya ta toshe, sai birnin Lisbon na Fotugal ya zama mahaɗa. Jirgin saman Ingila ya sauke buhunan wasiƙu a can, na Jamus ya kwasa zuwa Stuttgart. Ƙunshin abinci da tufafi kuwa jirgin ruwa ke kai su Marseille, jirgin ƙasa ya ƙarasa da su Janeba, daga nan a rarraba su.

Ba a barin fursuna ya rubuta yadda ya ga dama. Ƙaramin soja a hannun Jamusawa yawanci wasiƙa 2 da kati 4 ake ba shi a wata. Kowace takarda kuma sai mai dubawa ya karanta ta kafin ta fita sansani, ya buga mata hatimi mai ɗauke da lambarsa. In ta isa Ingila, a sake karantawa. Idan an ga maganar rundunar soja, ko ɓarnar da bom ya yi, sai a shafe da baƙar tawada, ko a yanke wurin. Wani lokaci akan goga wa takardar magani don a tono ɓoyayyen rubutu. Zargin nan ba na banza ba ne, gama hukumar MI9 ta Ingila ta koya wa waɗansu sojoji dabarar ɓoye saƙo cikin gaisuwar gida.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne fursunonin da ke hannun Japan, ƙasar da ba ta tabbatar da yarjejeniyar 1929 ba. Wasiƙunsu sukan bi ta Iran, su shiga Rasha, jirgin ƙasa ya ratsa Saberiya da su. Wata takan yi shekara a hanya, ko fiye. Daga 1943 aka taƙaita wa iyalai rubutunsu, kalma 25 kacal, da manyan baƙaƙe. Fursunan kuwa sau da yawa kati ake miƙa masa wanda an riga an buga maganganu a kai, ya soke wadda ba ta dace da shi ba. Da babu gara ba daɗi. Amma akwai iyalan da katin ya iske su bayan mai shi ya daɗe a kabari.

Wannan wahala ta sa aka gyara doka. Yarjejeniyar Janeba ta uku, ta 1949, ta ce in za a ƙayyade wa fursuna wasiƙu, kada su gaza wasiƙa 2 da kati 4 a wata. Ƙasar da ta aika ta duba sau ɗaya, wadda ta karɓa sau ɗaya, kuma da hanzari.

Har yau waɗansu suna adana irin waɗannan ambulan. Suna bin hatimai ɗaya bayan ɗaya, su gane garuruwan da takarda ta kwana da hannuwan da suka buɗe ta. Kai fa, mai karatu? Ba mai karanta maka wasiƙa, ba mai ƙirga maka kalmomi. Yaushe rabon iyayenka da su ji daga gare ka?