Da Rana Tela, Da Dare Sarki: 'Yan Wasan Kwaikwayo a Ƙasar Ƙonni da Adar

A Birnin Ƙonni ba a tambayar ofishin ɗan wasan kwaikwayo. Mai nemansa da hantsi sai ya bi ta rumfar tela, ko tashar 'yan kabu-kabu, ko ajin lakwal inda yake riƙe da alli, ko bakin hanyar iyaka wajen masu canjin sefa da naira. Wanda jiya da dare ya sha rawani da alkyabba yana yanke wa talakawa hukunci, shi ne yau da safe yake ɗura wa mutane fetur daga kwalba. Haka abin yake a Malbaza, haka yake a Illela ta Adar. Wasan yana cinye lokacin mutum, amma ba ya cika rumbu. Saboda haka ɗan wasa a wannan yanki bai san hutu ba, rana ta neman hatsi ce, dare kuma na dandali.

Kusan duk wanda ya yi suna a harkar, in ka bi sawunsa baya, a tashe za ka tarar da shi. Da azumi ya kwana goma yara sukan fito bayan shan ruwa, wannan ya liƙa gemun auduga ya ranƙwafa bisa sanda, wancan ya cusa tsumma cikin riga ya zama attajiri mai tumbi, 'yan mata kuma su shirya gidan aure a tsakar gidan mutane, da miji da kishiya da rikicin tukunya. Matan gida su yi dariya su ba da hatsi ko 'yan kuɗi. A nan yaro yake gane cewa tafiyar liman ko tarin maigari abu ne da ake iya ɗauka a ajiye a gaban jama'a. A nan kuma yake koyon ƙa'idar farko, wato a kwaikwayi hali, kada a kama suna.

Manya ma suna da nasu. Ɗan kama yakan tsaya a kasuwa ko wajen biki da shigar malamai, ya buɗe baki da muryar mai wa'azi, amma abin da ke fitowa duk zancen tuwo ne da nama da fura. Mutane su yi ta dariya, malamin da ake tsokana ma ya murmusa, don kowa ya san ɗan kama yana da lasisin da al'ada ta ba shi. Ga kuma wasan barkwanci tsakanin Ba'are da Bafillace, ko Bagobiri da Bazabarme, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Har gobe shi ne gishirin yawancin wasannin yankin. Wasu masana sukan haɗa da bori cikin wannan lissafi, su nuna Masallata da ke dab da Ƙonni, inda arna ke taron duban shekara. Ni dai ban bi su a nan ba. Wanda iska ta hau bai ce yana kwaikwayon kowa ba, kuma zai ji zafin a kira shi ɗan wasa.

Wasan dandamali irin na yau, wanda tsofaffi ke kira teyatur, ta lakwal ya shigo, amma Samariya ce ta kai shi ƙauye. Bayan Seyni Kountché ya hau mulki a 1974 ya raya ƙungiyoyin Samariya a kowace unguwa, daga 1976 kuma aka fara bikin matasa na ƙasa, ana zagayawa da shi manyan garuruwa, har da Tawa. Ƙungiyar gari sai ta fara kayar da maƙwabta a gida, sannan ta je ta kara da sauran sassan jiha, sannan a zaɓi waɗanda za su ɗauki tutar jihar gaba ɗaya. Mutanen da suka ga wannan zamani suna ba da labarinsa da zumuɗi irin na masu labarin kokowa. A lokacin ne sunan Yazi Dogo, malamin makaranta ɗan Dogon Dutsi da ya yi tashe tare da 'yan wasan Damagaram, ya shiga kowane gida ta rediyo da talabijin. Gwamnati tana son a yi mata wasa kan haɗin kai da dashen itace da yaƙi da jahilci, 'yan wasa kuwa sukan yi mata, amma a tsakiya su saƙa ɗan duwan mai karɓar na goro da ma'aikacin da ya sace hatsin taimako. Jama'a sun san inda za su tafa.

Abin da wancan zamani ya bari, wanda har yau bai canza ba, shi ne yadda ake gina wasa. Ba a rubutawa. Bayan sallar isha'i a taru a gidan matasa ko a zauren shugaban ƙungiya, a ɗora shayi, wani ya kawo labari da baki: wane ya tafi bida ya bar mata biyu da bashi, shekara uku babu aike, sai ga shi ya dawo. A yi ta jayayya a kan inda labarin zai karya. Daga nan shugaba ya rarraba, kai ne maigida, ke ce uwargida, kai ne mai bin bashi. Maganar da kowa zai faɗa daga kansa za ta fito. In ya kawo wata magana da ta sa 'yan uwansa dariya a wajen gwaji, an riƙe ta ke nan, gobe ma sai ya maimaita. Ana iya yin mako uku ana wannan tankaɗe da rairaya, har wasan ya zauna a ƙirjin kowa. Baturiya Janet Beik, wadda ta zauna da ƙungiyoyin wasan Hausa na Nijar ta fitar da littafi a kansu a 1987, fasahar baka ta kira abin, kuma ta yi daidai. Amfanin wannan hanya shi ne wanda bai taɓa shiga aji ba yana iya fin malamin lakwal iya wasa. Illarta kuma, in tsohon ɗan wasa ya mutu, wasanninsa sun bi shi.

Kayan wasa duk na aro ne. Rawani daga kawu, kakin soja daga wani tsohon mai gadi, tabarau daga mai kanti, toka ko gari a shafa a kai a samu furfura, gawayi a ja layin tsufa a goshi. Wanda ya ɓatar da hular aro, daga aljihunsa zai biya.

Shekarar ɗan wasa kuwa ba shi ke tsara ta ba. Da ruwa ya sauka kowa ya nufi gona, ƙungiya ta kwanta. Da an yi kaka, lokacin da ya kamata wasa ya yi kasuwa, sai wata matsala ta taso: ƙasar Adar ƙasar 'yan bida ce, samari su ɗaure jaka su nufi Abijan ko Legas ko Libiya, wani lokaci har da wanda ke riƙe da babban matsayi a wasan da ake shiryawa. Waɗanda suka zauna, wasu suna garkar albasa a Galmi da kwarin Maggiya, wasu suna noman rani a filayen ban ruwa na Ƙonni, wasu suna dakon siminti a ƙofar masana'antar Malbaza. Shugaban ƙungiya mai wayo yakan koya wa mutum biyu kowane matsayi, don bai san wanda zai wayi gari ya tarar ya hau mota ba.

Kuɗin da ake gani da ɗan kauri daga furoje suke zuwa. Wata ƙungiyar agaji ko ma'aikatar lafiya ta buƙaci a wayar da kan jama'a kan allurar rigakafi, ko awon ciki, ko sanya 'ya'ya mata lakwal, ko rikicin manoma da makiyaya, sai ta nemi 'yan wasa. A nan ne ake ganin aiki ba ji ba gani. Tun da asuba a loda amsa-kuwwa da injin wuta a bayan mota, a yi ƙauye biyu ko uku kafin dare. Ko'ina aka sauka, ƙofar maigari ake fara zuwa. Shugaba ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, baƙinka ne. Wasa muka kawo ma jama'arka, in ka yarda."

"Wasa na lafiya dai ko, samari?"

"Na lafiya, Baba. Zancen asibiti ne."

Sai maigari ya sa sanƙira ya yi shela. A share fili gindin itace, maza gefe, mata gefe, yara a gaba cikin ƙura. Babu labule, babu dandamali, da'irar mutane ita ce iyakar gida da daji da asibiti. Sau da yawa akan tsayar da wasan a inda rikici ya yi tsanani, a juya a tambayi 'yan kallo, ku a ganinku wa ke da laifi? Wata tsohuwa ta miƙe ta zazzage wa "maigida" faɗa kamar surukinta na gaske, shi kuma dole ya amsa mata cikin halin da ya ɗauka, ba tare da ya fasa dariya ba. Wannan ita ce jarrabawar da ke raba gwani da ɗan koyo. Sai dai a faɗi gaskiya, wasan furoje yakan daskare. In mai ba da kuɗi ya ƙidaya saƙonni biyar da dole a faɗa, labari yakan koma wa'azi, kuma mutanen ƙauye ba su da wuyar gane wasan da aka yi don cika takarda.

In an dawo, rabo ma da al'adarsa. A fara cire kuɗin mai da hayar kayan sauti, a ware wani abu a asusun ƙungiya saboda suna da biki da rashin lafiya, sauran a raba bisa girma da daɗewa. Yaron da ya shigo bana ba ya tambayar nawa aka samu. Ya ɗauki kaya, ya dafa shayi, ya fito a matsayin dogari marar magana, har ranar da babba zai ce ya isa a ba shi baki.

Fim kuwa yankin ya san shi ta ƙofa biyu. Ta farko ta Yamai ce, wato ta finafinan Nijar. Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin iyayen silima a Afirka, a Tawa ya kafa zamansa na ƙarshe, yana harhaɗa hotuna masu motsi da hannunsa har rasuwarsa a 2015. A fim ɗinsa na 1966 kan ɗan bidar da ya dawo gida da kayan kaboyi ne Zalika Souley ta fara fitowa, matar da ta sha zagi a titi saboda mutane sun kasa raba ta da miyagun matan da take fitowa a matsayinsu. Ƙofa ta biyu ita ce ta fi faɗi, kuma tana nan kudu da gari, inda ɗan taƙi kaɗan ke raba Ƙonni da ɗaya Illelar, ta jihar Sakkwato. Ta nan kasakasan Kano suka kwararo tun bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, har mutanen Nijar suka raɗa wa finafinan suna Dandalin Soyayya. Lokacin da Sangaya da Wasila suka fito, gidajen kallo na zana da benci sun cika maƙil. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamban 2014, yaran Ƙonni sun haddace tafiyarsa da harararsa. Da salla kuma taurarin Kano sukan tsallako gala, a cika fili, a yi musu kari.

Saboda haka mafarkin saurayi ko budurwa mai son fim Kano yake kallo, ta Sakkwato da Gusau. Wasu sun dace, Fati Nijar 'yar Maraɗi ta zama muryar waƙoƙin finafinai masu yawa. Amma wanda ya je yakan tarar da wani tsarin ubangida da yaro, da zaman jira a ofisoshin titin gidan zu, da kwanan lokeshin, da sallamar da ba ta taka kara ta karya ba. Bakinsa na Adar ma sai ya gyara shi ya koma na Kano, in ba haka ba a riƙa ba shi matsayin baƙauye ko mai gadi. A 2022 dattijuwa Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa naira dubu biyu zuwa biyar ake sallamarta da su, maganar da ta tayar da ƙura a masana'antar. In haka ta samu wadda ta tsufa a harkar, baƙon da ya zo daga Dogarawa ko Badagishiri ya san abin da ke jiransa.

Mata su suka fi ɗaukar nauyin abin. Kafin yarinya ta shiga ƙungiya sai shugaba ya je gidansu da kansa ya roƙi iyaye, ya ɗauki alkawarin mayar da ita gida bayan gwaji. A wasa namiji ba ya taɓa mace, ko da mijinta ne a labarin. Da an ɗaura mata aure kuma, galibi ta bar dandali ke nan, shi ya sa matsayin uwa da kaka kullum yake hannun zawarawa da 'yan tsirarun dattijan mata da suka daina jin maganar mutane. Maza ma ba su tsira ba. Sunan wasa yakan haɗiye na yanka, wanda ya saba fitowa ɓarawo ko boka kuwa, ranar da ya je neman aure sai an yi dogon bayani.

Yanzu salula ta sauya lissafin. Samari uku da waya ɗaya su ɗauki ɗan barkwanci na minti biyu a bayan kasuwa, su watsa a TikTok da WhatsApp, kafin magariba 'yan bida a Abijan sun gani sun aiko da murya. Masu dogon zango suna koyi da Izzar So da Labarina, suna sakin kashi-kashi a YouTube kowane mako, wanda ke nufin ɗauka da tacewa ba tsayawa. Ɗan wasan shi ne mai riƙe kyamara, shi ne mai tace hoto, shi ne mai bin 'yan kasuwa neman talla. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba Nijar, hanyar Kano ta toshe wata da watanni, cajin waya ma ya koma abin biya wajen mai faranti mai aiki da hasken rana. An buɗe iyakar Ƙonni a watan Maris na 2024. Kafin nan yawancin ƙungiyoyin sun riga sun koyi ɗaukar wasa da rana tsaka, a gonar albasa ko a tsakar gidan wani daga cikinsu, da bakin Adar yadda yake.