Wakilin Magajin Gari

Magajin Gari mazaɓa ce a ƙasar Birnin Gwari, ƙasar dajin Kamuku. Duk bayan shekara huɗu mutanenta sukan zaɓi wakili guda, su tura shi Majalisar Dokoki ta Jihar Kaduna. Wakilan majalisar 34 ne, suna zama a Lugard Hall.

Kuɗin da gwamnati ke aiki da su na jama'a ne. Saboda haka kowace shekara Gwamna yakan kawo kasafin kuɗi gaban majalisa. Ba shi da ikon kashe ko anini sai da yardar wakilai.

To, a ce an ware kuɗin gina makaranta a wani ƙauyen bakin daji, shekara ta kewayo, yara suna nan a gindin bishiya. Sai wakili ya kai maganar majalisa. Tsarin mulki na 1999, sashe na 128 da na 129, ya ba ta ikon kiran Kwamishina, ta tambaye shi ina kuɗin, ina aikin. Tilas ya zo ya ba da amsa.

Wakilin da ya yi shiru kuwa, talakawa suna jiransa ranar zaɓe.