Jirgin da ba ya barin ƙasa

Zazzagawa sun saba da kukan ƙananan jiragen da ke shawagi a saman gari. Daga Palladan suke tashi, inda Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1964. Yaron da ke wasa a gindin ganuwa wajen Ƙofar Kuyambana yakan ɗaga kai ya bi su da ido har su ɓace, kuma da wuya a rasa wanda ya taɓa fere kara ya haɗa nasa jirgin, ya yanka gwangwanin madara ya yi masa farfela. Sai dai kuɗin koyon tuƙi miliyoyi ne, don haka yawancin yaran nan iyakar su ke nan. Tsakanin jirgin kara da jirgin gaske kuwa akwai wata sana'a: ƙera ɗakin matuƙi a gida, da kujera da sitiyari da feda da agogai, a jona su da kwamfuta, mutum ya tashi daga Zariya ya sauka Kano alhali yana zaune a ɗakinsa.

Sana'ar a shagon uba aka haife ta. Edwin Link, mutumin garin Binghamton a Amurka, ɗan mai ƙera kayan kiɗa ne, irin molon coci mai aiki da iska. Kuɗin koyon tuƙi sun yi masa yawa, sai ya kwashi zugazugai da bututu daga masana'antar mahaifinsa ya haɗa wani akwati mai karkata hagu da dama, ya kammala shi a 1929. Da farko wuraren wasan yara ne suka fi sayen sa. A 1934 matuƙan sojan Amurka da aka ɗora wa jigilar wasiƙu suka yi ta faɗuwa cikin hazo da duhu, sannan ne soja suka sayi guda 6. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare an ƙera sama da 10,000.

Yau ɓangaren kwamfuta shi ne mai sauƙi. Manhajar Microsoft Flight Simulator tana kasuwa tun 1982, akwai X-Plane, akwai FlightGear da ake saukewa kyauta. Wahalar tana wajen aikin hannu, kuma hannun mutum uku ake bukata.

Na farko kafinta. Shi zai tayar da gangar ɗakin da katakon filawud, ya huda allon da agogai za su zauna. Ɗaya daga cikin jiragen da ake yawan kwaikwaya Cessna 172 ne, faɗin cikinsa kusan mita 1, kowane ramin agogo kuma kusan milimita 80. Agogai 6 ne ginshiƙi: na gudu, na nisa daga ƙasa, na karkatar jirgi, na alƙibla, na juyawa, da na saurin hawa ko sauka. Kowanne da mazauninsa, domin idon matuƙi hanya ɗaya yake bi a kansu. Dabarar masu ƙaramin ƙarfi ita ce a ɓoye allon kwamfuta a bayan katakon, agogan da manhaja ta zana su leƙo ta ramukan. In awon ya kauce da kaurin yatsa, rabin lambobi sun ɓuya. A nan ne mai aiki zai ji kafinta ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ɗan bambancin ba komai." A aikin wadrob ba komai ne, a nan sai dai a sake yanka wani katako.

Na biyu mai walda, kuma a ganina aikinsa ya fi na kowa wuya. Sitiyarin jirgi ba juyawa kawai yake ba, ana tura shi gaba ana jawo shi baya, don haka bututun ƙarfen sai ya zame cikin boris ba gargada, ya kuma koma tsakiya da kansa in an sake shi. Ana amfani da sifirin, wasu kuma robar tiyub suke ɗaurawa. Feda biyu na ƙafa haɗe suke, in ka taka dama ta hagu ta dawo. Ido yana yarda da hoton talabijin cikin minti ɗaya, amma hannu ba ya ruɗuwa: sitiyarin da ya cije, ko ya yi sako-sako, zai koya wa mutum fizga, jirgi kuwa da lallashi ake tuƙa shi.

Na uku mai gyaran rediyo, wanda zai sa katako da ƙarfe su yi magana da kwamfuta. Abin da ke gaya wa manhaja yawan juyin sitiyari ba wani abu ba ne illa ɗan abin nan da ake murɗawa a ƙara sautin rediyo. Ana liƙa wayoyinsa da dalma a kan ɗan allon Arduino, manhajar MobiFlight kuma ta fassara kowane maɓalli zuwa aikinsa: wannan fitilar sauka, wancan famfon mai. Waya takan haura ɗari a bayan allo ɗaya, wanda bai manna wa kowace takardar suna ba zai yi kuka ranar gyara. Ƙasarmu kuma tana da nata sharuɗɗan. Ƙurar hunturu tana shiga abin murɗawar nan, alluran agogo su kama rawa, shi ya sa mai aiki da maganaɗisu ya fi dacewa, tunda ba ya gogayya da komai. Zafin Maris da Afrilu yana gasa kwamfuta. Wuta kuwa, in ba a tanadi sola da batir ba, ana daf da sauka za a ɗauke ta.

Sauran kaya wajen 'yan gwangwan suke da kasuwar Sabon Gari: kujerar tsohuwar mota mai zamewa gaba da baya, talabijin na hannu guda uku a jera su zama gilashin gaba da tagogi. Ba yau aka fara wannan tsince-tsincen a Arewa ba. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, har ya ɗaga daga ƙasa. Ɗakin matuƙi bai kai wannan kasada ba, don in ka faɗi, maɓalli kawai za ka danna.

Kada dai a yaudari kowa. Awannin da aka yi a na'urar gida ba sa shiga littafin matuƙi, domin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA na'urar da ta tantance kaɗai take ƙirgawa, kuma tsakanin aikin kafinta da katafariyar na'urar Boeing 737 da aka sayo wa kwalejin Palladan daga kamfanin CAE na Kanada akwai tazara mai nisa. Malaman tuƙi ma sukan koka da ɗalibin da ya saba da kwamfuta, ya ƙura wa agogai ido ya manta da duban waje. Amma haddace jerin matakan tada inji, sanin inda kowane maɓalli yake ko da a duhu, saba baki da Turancin da ake yi da hasumiya, duk ana samun su a kujerar katako, kuma ba a ƙona ko digon mai.

Wanda zai shiga sana'ar a Zariya ya lura da abu ɗaya. Jiragen Diamond DA40, ƙirar Ostiriya, da ɗaliban Palladan ke koyo da su ba su da sitiyari irin na Cessna. Sanda ce a tsakanin gwiwoyi, agogansu kuma allo biyu ne na Garmin G1000. Sanda ta fi sitiyari sauƙin ƙerawa, allo biyu sun fi ramuka shida sauƙin yankawa, kuma masu bukatar maimaita darasi da daddare suna nan cikin gari. Mai neman ciniki, da wannan ya kamata ya fara.