Linzami Ba Birki Ba Ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah, ko Hawan Daushe a Kano ko Hawan Bariki a Zariya, ya ga mahaya iri biyu. Akwai wanda dokinsa ke takama a nutse, shi kuwa yana zaune kamar an dasa shi, ba ka ma ganin hannunsa yana motsi. Akwai kuma wanda tun daga ƙofar gida kokawa suke yi, doki na jijjiga kai, baki na kumfa har da jini. Mu samari mun fi yi wa na biyun tafi, wai jarumi ne. A wajen masu barga kuwa na farkon shi ne mahayi.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne, yanzu da yawa daga cikinmu suna hayar doki don kilisa ko hawan angwanci, wasu ma har sun fara tara kuɗin na ranar kammala karatu. Mutum bai taɓa riƙe ragama ba, sai ga shi a kan dabba mai nauyin sama da kilo 300, a kan kwalta, ga 'yan acaɓa ga ganga. Ni a gidan da ake kiwon doki na tashi, kuma abin da aka fara koya mana shi ne doki ba ya jin Hausa, matsi da saki yake ji.

Ga yadda abin yake. In ka matsa shi da ƙafa ya taka, ka sassauta nan take. Wannan sassaucin shi ne ladansa, da shi yake gane cewa abin da kake so ke nan. In ka ci gaba da matsawa bayan ya yi, to ka rikita shi, sai ya gwada wani abu: ko ya turje, ko ya yi tabarya, ko ya kwasa da gudu. Haka abin yake ga linzami. Ƙarfen yana zaune ne a gurbin da babu haƙori a bakin doki, kan dasashi mai taushi. Linzaminmu na gargajiya kuma yana da kaifi ƙwarai, an yi shi ne don a tsayar da doki cak a wajen jahi, a hannun wanda ya ƙware. Ɗan koyo kuwa in ya tsorata sai ya rataye a jikinsa. Doki na jin zafi, zafin na ƙara masa gudu, mahayi na ƙara ja. Yawancin faɗuwar da ake yi a titi daga nan take farawa.

To yaya ake tsayawa? Da zama ake farawa. Ka nutsa cikin sirdi, ka saki numfashi, ka daina bin motsinsa da ƙugunka, sannan ka ɗan riƙe linzami, ka saki da zarar ya rage. In ya ƙi, kuma akwai fili, ja ɓangare ɗaya a hankali ka sa shi zagaye, gudun zai ragu da kansa. Kar ka manta dabba ce da ke jin saukar ƙuda a fatarta. Wadda ke jin ƙuda ba ta buƙatar a kafta mata ƙaimi kafin ta san kana magana. Ni dai a ganina, wanda bai iya daidaita ƙafarsa ba bai kamata ya ɗaura ƙaimi ba sam.

Shi ma dokin yana magana, mu ne ba ma saurare. Dubi kunnensa. In ya miƙa su gaba, akwai abin da ya ɗauke masa hankali a can. In ɗaya ya juyo baya, kai yake saurare. In ya kwantar da su duka biyu a wuya, malam, yi hattara, cizo ko harbi na tafe. Idanunsa a gefe suke, yana ganin kusan duk kewayensa, amma ba ya ganin abin da ke daf da goshinsa da abin da ke bayan wutsiyarsa. Shi ya sa ake zuwa masa ta kafaɗa ana yi masa magana. Mai son ɗaukar hoto ya tsaya a bayan ingarma, wallahi da ƙafarsa yake wasa.

Kafin ka hau, duba majayi da kanka, ka sake dubawa bayan ɗan tafiya, don doki kan kumbura ciki lokacin ɗauri. Ka tambayi mai shi halinsa: yana tsoron bindiga? Yana faɗa da wasu dawakai? Kwalta kuma santsi gare ta, sukuwa a fili mai ƙasa ake yi. In kana da niyyar hawa ranar bikin, je bargar tun saura makonni, ka ba shi harawa da hannunka, ka shafe shi, ka hau a yi tafiyar ƙafa kawai sau uku ko huɗu kafin a sa masa kayan ado.