Na'ura Mai Koyo da Matsayin Jama'a a Binciken Magani

Neman magani tsohuwar sana'a ce, kuma tun asali kan gwaji da dacewa ta dogara. A shekarar 1928 ne Alexander Fleming ya tarar da fumfuna ta kashe ƙwayoyin cutar da yake renowa a ɗakin bincikensa a Landan, daga nan aka sami fenisilin. A shekarar 1972 kuma Tu Youyou da abokan aikinta a ƙasar Sin suka tace maganin zazzaɓin cizon sauro daga wani tsiro dangin tazargade, bayan sun bi tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu. Yawanci magani guda yakan ci shekara 10 zuwa 15 kafin ya kai hannun majinyaci, kuma cikin kowane 10 da aka fara gwadawa a jikin mutane, kusan 9 ba su kai labari. Wannan tsawon lokaci da yawan hasara su suka sa masana suka juya ga kwamfuta.

Abin da ake nufi da koyon na'ura shi ne a bai wa kwamfuta misalai masu yawa tare da amsoshinsu, a bar ta ta gano wa kanta ƙa'idar da ta haɗa su. Kowane sinadari yana da ƙira, watau irin ƙwayoyin zarra da ke cikinsa da yadda suka sarƙu da juna. Sai a nuna wa na'urar ƙirar wani sinadari, ta yi hasashen ko yana kashe ƙwayar cuta ko ba ya kashewa. In ta yi kure sai a gyara ma'aunan lissafinta kaɗan, a sake nuna mata wani, a yi ta maimaitawa har hasashenta ya riƙa dacewa da abin da aka gani a ɗakin gwaji. Sa'an nan a jarraba ta da sinadaran da ba ta taɓa gani ba. Lamarin ya yi kama da na tsohon dillalin shanu a kasuwar Wudil, wanda yawan gani ya sa da kallo ɗaya yake sanin sa mai lafiya, ko da yake in an ce ya fayyace dalilinsa ba lalle ya iya ba. Ita ma na'urar sau da yawa ba a iya bin sawun dalilinta, kuma wannan babban rauni ne.

Misalin da ya fi shahara shi ne na shekarar 2020, daga cibiyar fasaha ta MIT a Amurka, ƙarƙashin James Collins da Regina Barzilay. Sun koyar da na'ura da sinadarai 2,335 waɗanda aka riga aka gwada a kan ƙwayar cutar E. coli, sa'an nan suka sa ta ta duba wata taska mai sinadarai wajen 6,000. Cikin waɗanda ta zaɓo akwai wani da aka taɓa bincika don ciwon sukari aka ajiye, wanda ƙirarsa ba ta yi kama da magungunan ƙwayoyin cuta da aka sani ba, don haka da wuya hankalin masani ya kai gare shi. Suka raɗa masa suna halicin. Aikinsa shi ne lalata bambancin yawan tsami da ke tsakanin ciki da wajen fatar ƙwayar cuta, wanda da shi take samun ƙarfin rayuwa. Ya kashe ƙwayar tarin fuka a ɗakin gwaji, ya kuma warkar da ɓeraye daga wata ƙwaya mai taurin kai da ake kira Acinetobacter baumannii. An yi kwana 30 ana shayar da E. coli shi ba ta saba da shi ba, alhali kuwa cikin 'yan kwanaki take fara bijire wa ciprofloxacin. Daga baya na'urar ta tace sinadarai fiye da miliyan 100 cikin kwana 3, aikin da ba wani ɗakin gwaji da zai iya yinsa da hannu.

A wannan shekara dai kamfanin DeepMind ya nuna manhajar AlphaFold, mai hasashen yadda furotin yake naɗewa. Muhimmancin wannan kuwa shi ne yawancin magunguna suna aiki ne ta hanyar maƙalewa a wani lungu na furotin, kamar mabuɗi da kwaɗo, kuma a da gano ƙirar furotin guda kan ci watanni ko shekaru. Zuwa 2022 an fitar da hasashen ƙirar furotin fiye da miliyan 200, a 2024 kuma Demis Hassabis da John Jumper suka sami lambar Nobel tare da David Baker.

To, amma kada a ɗauka an gama. Na'ura gajarta zangon farko kawai take yi, watau zaɓen abin da ya cancanci a gwada. Shi kansa halicin ba a amince a yi wa mutane jinya da shi ba. Ko wane irin hasashe aka yi, tilas a ƙarshe wani ɗan Adam ya haɗiyi ƙwayar ko a yi masa allurar kafin a san gaskiya. Har ila yau na'ura ba ta sanin abin da ba a nuna mata ba. Wani nazari na 2016 ya gano cewa kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa wajen kashi 3, alhali jikuna sun bambanta wajen karɓar magani. Alal misali, akwai wani rashin sinadari a jini da ake kira G6PD, mai yawa a Afirka kudu da Sahara, wanda ke sa maganin primaquine ya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mai shi. Ke nan ana bukatar mutanen Afirka su shiga bincike, su ba da jini da bayanan lafiyarsu. Wannan kuwa ba ya samuwa sai da yarda.

Mutanen Kano sun san abin da rashin yarda ke jawowa. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutane wajen 12,000 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi ceftriaxone, 11 suka rasu, 5 daga kashin farko, 6 daga na biyu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin kuwa ya ce an yi musu bayani da Hausa sun amince da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. An yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ko ma wane ɓangare ke da gaskiya, tabon ya zauna. Da aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa a 2003, wannan labari yana cikin hujjojin da ake kawowa. Sai a watan Yuli na 2004 aka koma yi a Kano, kafin nan kuwa cutar ta bazu, daga bisani ta kai har Yaman da Indonesiya. Abin lura shi ne ba wani sabon ilmi ne ya gyara lamarin ba, shigowar sarakuna da malamai ne, musamman kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009 bisa jagorancin Sarkin Musulmi, har aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agusta na 2020.

Shigar da jama'a cikin bincike ya wuce a tara su a ƙofar fada a karanta musu sanarwa. Ma'anarsa a tuntuɓe su tun ana tsara aikin, a ji abin da suke tsoro, a koma a gaya musu sakamako ko da bai yi daɗi ba. A Kilifi ta ƙasar Kenya, cibiyar bincike ta KEMRI da Wellcome tana da wakilai da mazauna yankin suke zaɓa da kansu, suna zama da masu bincike a kai a kai. Yardar mai gari ko ta maigida kuwa ƙofa ce kawai, ba ta maye gurbin yardar wanda za a soka wa allura.

A nan ne aikin ya iso ga masu nazarin harshe. Ƙa'idar Nuremberg ta 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964 duka sun shar'anta amincewar mutum bayan ya fahimci abin da za a yi masa, fahimta kuwa da harshe ake yinta. Kalmar "gwaji" a bakin Bahaushe ta haɗa gwajin jini da likita ke yi don gano ciwon mutum, da gwajin maganin da ba a tabbatar da shi ba, waɗanda kuwa abubuwa biyu ne masu nisa da juna. Uwar da aka ce mata za a yi wa ɗanta gwaji, na farkon za ta ɗauka. Haka nan duk abin da ya fito daga hannun likita "magani" ne a wurinta, to yaya za a bayyana mata ƙwayar da ba kome a cikinta, wadda ake ba wasu don a kwatanta? In an ce "holoƙo" ko "na bogi" sai ta ji kamar yaudara ce. Rarraba majinyata kashi biyu ba tare da zaɓi ba, "ƙuri'a" ce ta fi kusa da shi, amma jin cewa likita ƙuri'a ya jefa a kan ɗanta ba zai kwantar wa uwa da hankali ba, sai an ƙara da dalilin, watau shi kansa likitan bai san wanne ya fi ba tukuna.

Zuwan na'ura mai koyo ya ƙaro wata sabuwar tambaya. Jinin da aka ɗiba yau don binciken zazzaɓi, bayanansa na iya zama a kwamfuta shekaru, a koyar da wata na'ura da su a wata ƙasa, don wata cuta dabam, wani kamfani ya ci riba. Takardar neman yarda tilas ta faɗi wannan da Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane in an karanta mata, ta kuma san tana da ikon cewa a'a ba tare da an hana jikanta jinya ba. Fassara irin wannan takarda takan faɗa hannun ma'aikacin jinya da ke kusa, a tsaye, majinyata na jira a layi.