Dogo mai jiki, kada ka sayi keke da ido

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, magidanta da dama da suka yi shekaru rabonsu da feda sun koma kan keke. Wanda ya fi shan wahala wajen zaɓe a cikinsu shi ne mutumin da Allah ya hore wa tsayi da jiki. Yawancin kekunan gwanjo da ke jere a kasuwa, musamman 'yan Japan masu kwando a gaba, don masu matsakaicin jiki aka ƙera su. Ƙato ya hau, gwiwa na dukan kan keke, baya a ranƙwafe, kafin wata biyu kuma ƙafar baya ta fara rawa.

Daga ƙafar bayan nan za ka fara ciniki, domin a kanta fiye da rabin nauyinka yake sauka, balle in ka ɗora buhu ko yaro a kariya. Tsuguna ka ƙirga wayoyin wilin, kada ka ji kunyar mai kaya. In ba su kai 36 ba, ba naka ba ne. Tsofaffin kekunan Raleigh na Ingila, waɗanda kakanninmu suka yi fatauci a kansu, waya 40 ake sa musu a baya, 32 a gaba, don maƙeran sun san inda nauyi yake. Ka matsa wayoyin bibbiyu da yatsu. In wasu sun ɗaure tam wasu na lilo, wilin ya fara gajiya. Ɗaga keken ka juya wilin kana kallon saitin birki, ka ga ko yana karkacewa. Waya ɗaya in ta tsinke, 'yan uwanta ne ke ɗaukar nauyinta, sai su riƙa binta ɗaya bayan ɗaya. Ko sabo fil ka saya, bayan mako biyu ka kai wa mai gyara ya sake ɗaure su. Wannan ɗan kuɗin ya fi sayen wili.

Sai tsayi. Kekunan gargajiya masu taya inci 28, irin Phoenix na China da Hero na Indiya, galibi firam ɗinsu inci 22 ne ko 24. Wanda ya kai ƙafa 6 ya nemi 24, in ya samu mai sanda biyu ma ya fi. Zauna a sirdi, ka ɗora diddige a feda tana ƙasa: ƙafarka ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. A nan ne mai sayarwa zai ce, "Alhaji, ai sai a ɗaga sirdin." Kula! A jikin bututun sirdi akwai zane da ke nuna iyakar ɗagawa. In aka wuce shi, guntun da ya rage a ciki zai riƙa banƙarar firam har ya tsage, kuma ba a tsaye yake tsagewa ba, sai kana tafe. Masu kai bututun gun mai walda a yi masa ƙari su ma suna cikin haɗari.

Ni dai ban ga dalilin da mai jiki zai sayi keken nan mai araha mai sifirin gaba da baya da giya 21 ba. Kyau a ido, amma sifirin ɗin yana nutsewa ƙarƙashin nauyi, yana shanye ƙarfin tuƙi, sandar wilin bayansa kuma saurin lanƙwasa gare ta. Firam na ƙarfe ya fi nauyi, gaskiya ne, sai dai in ya tsage kowane mai walda zai kama shi. Na alminiyum kuwa ba kowa ke iyawa ba. A keken gwanjo ka duba mahaɗar bututai a wuya da gindin feda. Sabon fenti a wuri ɗaya kaɗai yana ɓoye wani abu.

Kamfanoni da yawa suna ƙayyade nauyin da kekensu zai ɗauka tsakanin kilo 120 da 136, mahayi da kayansa duka. Ka lissafa har da buhun.

Taya ta zama mai faɗi, iska kuma cike, gwargwadon lambar da ke rubuce a gefenta. Mai nauyi in ya faɗa rami da iska kaɗan, bakin wili ne ke datse tub, ya bar huji biyu kamar saran maciji, ya yi ta biyan faci yana zargin ƙusa.

Aibin keken gargajiya guda, ba zan ɓoye ba, shi ne birki. Roba a kan wilin ƙarfe ba ta kamawa sosai in ya jiƙe, kuma tsayar da mai kilo 110 ba kamar tsayar da ɗan makaranta ba ne. Ranar da ka saya ka sa sababbin robobi, da damina kuma ka fara matsa birki tun da nisa kafin mahaɗar hanya.